Tambaya da Amsa: Wace Ce Matar da Ke Riƙe da Dogon Ƙaho a Hoton Watan Jiya?

A fitowarmu ta watan jiya mun buga wani tsohon hoto na ƙungiyar makaɗan Dizzy Gillespie, shahararren mabushin jaz ɗan Amurka, wanda aka ɗauka a 1956, muka rubuta layi biyu a ƙarƙashinsa, muka manta da sunan mace ɗaya tilo da ke cikin sahun mazan, riƙe da wani dogon ƙaho na tagulla. Wannan sakaci namu ya jawo wasiƙu da saƙonnin waya masu yawa, galibinsu daga Zamfara da Kebbi, ƙasar da ba a yi mata gorin kiɗa da busa. Mun tsamo guda huɗu waɗanda suka tattara abin da sauran suka tambaya, kuma mun gajarta su saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a yi mini bayanin matar nan ta cikin hoto. Wace ce ita, 'yar ina ce, kuma yaya aka yi ta shiga sana'ar busa, alhali mu a nan ban taɓa ganin mace da algaita ko kakaki a baki ba? Ɗalibaina mata sun tsare ni da tambaya, na rasa abin da zan ce musu.
Daga wata malamar makarantar sakandare, Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Sunan matar Melba Liston, baƙar fata ce 'yar Amurka, kuma an haife ta ranar 13 ga Janairu, 1926, a Kansas City ta jihar Missouri, birnin da ya shahara a wancan zamani da jaz, kiɗan da ya tsiro cikin baƙaƙen Amurka, domin a can ne fitaccen makaɗi Count Basie ya kafa ƙungiyarsa. Ƙahon da ke hannunta sunansa turambon, bayaninsa yana tafe a amsa ta biyu.

Ba ta gaji busa ba. A wajenmu ɗan Sarkin Busa ne ke tashi da algaita a baki, tun yana ƙarami yana bin mahaifinsa ƙofar fada har kumatunsa su saba. Ita kuwa tana da shekara bakwai aka fara koyar da kiɗa a makarantarsu, aka ce kowane yaro ya zaɓi abin da yake so, sai idonta ya faɗa kan wannan ƙaho saboda kyansa kawai, mahaifiyarta ta daure ta saya mata. Wanda ya san abin zai ce zaɓen tumun dare ta yi, tun da hannun yarinya 'yar shekara bakwai ba ya kaiwa ƙarshen bututun da ake turawa. Kakanta, wanda yake kaɗa jita, shi ya riƙa zama da ita yana kaɗa mata waƙoƙin coci na baƙaƙen fata da na gargajiya, tana bin su da kunne har ta kama, kuma tana da shekara takwas aka ji ta tana busa ita kaɗai a wani gidan rediyo na garin.

A 1937 suka ƙaura zuwa Los Angeles, inda ta faɗa hannun wata malamar kiɗa mai suna Alma Hightower, wadda ta yaye matasan baƙaƙen fata da dama a birnin. Tana da shekara goma sha shida ta yanki katin ƙungiyar ƙwadago ta makaɗa, ta sami aiki a gidan wasa na Lincoln, cikin makaɗan da ke zama a gindin dandali suna yi wa masu wasa kiɗa. Yana da kyau a sani cewa a lokacin ƙungiyar makaɗan birnin rassa biyu gare ta, na farare daban, na baƙaƙe daban, sai a 1953 aka haɗe su. A wannan gidan wasa ta fara gwada rubuta wa ƙungiya kiɗa, aikin da daga baya ya rinjayi busar kanta. Daga nan ta shiga babbar ƙungiyar Gerald Wilson ta zauna har ƙungiyar ta watse a 1948, kuma a tsakanin nan, a 1947, ta yi faifai da abokin karatunta Dexter Gordon, mabushin saksofon da duniya ta sani daga baya.

Abin da ya fara karya mata gwiwa shi ne wani rangadi da suka yi wajen 1950 a jihohin kudancin Amurka, suna raka mawaƙiya Billie Holiday. Jama'a ba su fito kallo ba, kuɗi suka ƙare a hanya, ga shi kuma yanki ne da dokar wariyar launin fata ta hana baƙi kwana a masaukin farare ko cin abinci a shagunansu. Da ta samu ta koma gida sai ta rataye ƙahon, ta nemi aikin akawu a hukumar ilimi ta Los Angeles, ta yi kimanin shekara uku tana harkar takardu, wani lokaci kuma takan fito a finafinai cikin 'yan cika taro waɗanda ba a ba su ko kalma ɗaya su faɗa.

Dizzy Gillespie ne ya janyo ta daga wannan ritaya ta ƙuruciya. A 1956 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta ɗauki nauyin ƙungiyarsa ta zaga ƙasashe domin gyara sunan Amurka a idon duniya lokacin yaƙin cacar baka, suka je Iran, Fakistan, Labanon, Siriya, Turkiyya, Yugoslabiya da Girka, daga baya a cikin shekarar suka nufi Kudancin Amurka. Hoton da muka buga na wannan zamani ne. Ita da kanta ta ba da labarin ranar da ta fara zuwa wurin gwaji: wasu daga cikin mazan suka hau gunaguni, suna cewa duk mabusan da ke New York ba su isa ba sai an ɗauko mace tun daga Kalifoniya. Gillespie bai yi musu gardama ba, sai ya ce a raba takardun kiɗan da ta rubuto, a busa. Ba a yi nisa ba manyan mabusan nan suka fara tuntuɓe, aka tsaya, aka sake, daga nan gunaguni ya mutu. Amma kada a ɗauka cewa wahala ta ƙare ke nan. A hirarrakin da ta yi a ƙarshen rayuwarta ta bayyana irin cin zarafin da ta gamu da shi a tafiye-tafiye daga wasu abokan aiki, da kaɗaicin mace ɗaya a mota cike da maza, da yadda aka mayar da ita mai ɗinka maɓalli da yi wa mutane aski ana kiranta Mama, alhali albashin busa take karɓa.

Game da mamakin da kika yi, Malama, ko a Amurkar ma busa aikin maza aka ɗauke shi, an bar wa mata waƙa da fiyano, kamar yadda mu muka bar musu shantu da kiɗan ƙwarya da amada. An yi ƙungiyoyin mata zalla, musamman lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da aka kwashe maza zuwa fagen fama, to amma mace ta zauna a sahun turambon na manyan ƙungiyoyin maza, ta daɗe a wurin, har a riƙa busa abin da ta rubuta, wannan da Melba Liston ake fara lissafi. Idan ɗalibanki suka sake tambaya, ki fara musu da labarin ranar gwajin nan.

TAMBAYA: Ni tsohon ɗan sanda ne, na yi shekaru ina fareti a bayan 'yan badujala, saboda haka na san wannan ƙaho da ido ko da yake ban taɓa sa shi a baki ba. Muna gardama da wani aminina a majalisarmu. Shi ya ce kakakinmu ne Turawa suka ɗauka suka lanƙwasa, ni kuma na ce ba haka ba ne. A raba mana gardama.
Daga wani dattijo, Argungu.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma. Kai ne ka fi kusa da gaskiya, amma amininka ma bai tashi a tutar babu ba, domin kakaki da turambon dangin juna ne ta fuskar yadda sauti ke fita. Dukansu bututun ƙarfe ne da ba su da wani harshe a ciki. Leɓɓan mai busa ne ke kaɗawa a bakin bututun su haifar da amo. A nan suka bambanta da algaita, wadda ke da ɗan kara a bakinta, shi ke kaɗawa, ga kuma huji da ake toshewa da yatsu.

Asalinsu kuwa kowa da hanyarsa. Tarihin Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su fada, kuma yana da ɗan'uwa a Maroko da ake kira nafir, wanda ake busawa da azumi. A cikin wannan ƙarni na 15 ne maƙeran Turai suka ƙera ƙahon da ya zama kakan turambon, suka fara amfani da shi a coci da fadojin sarakunansu. Sunan daga Italiyanci ya fito, ma'anarsa babban ƙaho. Ka ga ke nan tsararrakin juna ne, kowanne ya girma a fadar garinsu.

Babban bambancin yana wajen tsawo. Ƙa'ida ce ta kowane bututun busa cewa idan ya ƙara tsawo muryarsa takan ƙara kauri, idan ya gajarta ta ƙara siranta. Kakaki tsawonsa ɗaya ne ba ya canzawa, shi ya sa muryoyin da mabushi ke samu daga gare shi ba su da yawa, galibi biyu yake jujjuyawa, sama da ƙasa, kuma da su yake fitar da taken sarki wanda duk mai jin Hausa zai gane. Shi kuwa turambon, idan aka miƙe bututunsa zai kai kusan ƙafa tara, amma an naɗe shi, an kuma yi wani sashe mai zamewa, bututu a cikin bututu, wanda hannun dama ke turawa gaba yana jawowa baya. Matsayi bakwai ne a kan wannan sashe, kowane ɗaya yana sauke murya da rabin mataki, kuma babu wata alama da aka zana a jiki; kunne da sabon hannu su ke gaya wa mabushi inda zai tsaya. Wanda ya kuskure da faɗin yatsa ɗaya, duk wanda ke wurin zai ji.

Ni a ganina, idan ana neman abin da za a kwatanta turambon da shi a kayan kiɗanmu, to kalangu ya fi kakaki dacewa. Makaɗin kalangu yana matse tsarkiya a hammata yana saki, murya tana hawa tana sauka ba tare da yankewa ba, da haka yake sa fata ta yi magana. Haka mai turambon yake jan sauti ya zame daga wata murya zuwa wata, abin da ƙahonin da ake dannawa da yatsu ba sa yi cikin sauƙi. Makaɗan jaz sun gane wannan tun farko. A New Orleans, inda kiɗan ya tsiro, akan ɗora makaɗa a bayan amalanke ana zaga gari domin tallar wasa, sai a zaunar da mai turambon a can ƙarshe yana fuskantar baya don kada ya zunguri abokansa, kuma Kid Ory shi ne gwanin wannan salo mai gurnani da zamiya. A ƙungiyar Duke Ellington an yi wani Joe Nanton wanda yake rufe bakin ƙahon da robar yashe bututun banɗaki, yana buɗewa yana rufewa, har ka rantse mutum ne ke magana. Daga baya, a shekarun 1940, da sabon salon jaz mai tsananin sauri ya fito, aka ɗauka turambon ba zai iya bin sawu ba saboda nisan da hannu ke tafiya, sai J.J. Johnson, ɗan Indianapolis wanda ya rayu daga 1924 zuwa 2001, ya nuna cewa ana iyawa. A gaishe mana da mutanen majalisa.

TAMBAYA: Malam, ina aiki a wani ɗan situdiyo, ina haɗa wa mawaƙa kiɗa da fiyano da kwamfuta. Na bincika sunan matar nan a waya na ga ana cewa ta fi shahara da tsara kiɗa. Mene ne ainihin wannan aiki, irin namu ne? Kuma gaskiya ne aikinta ya taɓa Najeriya?
Daga wani matashi, Yauri.

AMSA: Malam, aikinku ya yi kama da nata ta wata fuska, domin kai ma mawaƙi yakan zo maka da karin waƙa tsirara ka yi mata sutura. Bambancin shi ne kai na'ura kake ba umarni, ita kuwa mutane take rubuta wa. Babbar ƙungiyar jaz takan ƙunshi mutum goma sha shida zuwa goma sha takwas: masu turamfet huɗu ko biyar, masu turambon huɗu, masu saksofon biyar, sai mai fiyano da mai babbar garayar Turawa da mai ganguna. Wanda ya ƙirƙiri waƙa sau da yawa layi ɗaya ne a hannunsa, wanda za a iya rera shi da fito. Mai tsara kiɗa shi zai zauna da takarda da alƙalami ya yanke shawarar wa zai fara, wa zai karɓa, waɗanne muryoyi za a ɗora a kan juna su ba da daɗi ko su ba da ɗaci da gangan, ina za a yi shiru, ina za a bar wa mutum ɗaya fili ya ƙirƙiri abinsa nan take, ina kuma duk za a taru a rufe. Sai ya rubuta wa kowane makaɗi takardarsa daban, kuma duk wannan yana yin sa ne yana jin kiɗan a cikin kansa, kafin kowa ya busa ko sau ɗaya.

Mutumin Yauri ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan, tun da garinku ne Alhaji Sani Aliyu Ɗandawo ya zauna. Duk wanda ya saurari makaɗan fada ya san cewa daɗin waƙar ba a bakin jagora kaɗai yake ba. Yana cikin yadda 'yan amshi ke karɓe zance daga bakinsa su ƙarasa, da inda kiɗa ke lafawa da inda yake tashi, kuma ba a fada ake haɗa wannan ba, a gida ake zama a tsara shi kafin a fito. Alhaji Musa Ɗanƙwairo kansa ya yi zaman Daudun Kiɗi, wato mataimakin jagora, a ƙarƙashin yayansa Abdu Kurna kafin ya ja tasa ƙungiya. Sai dai idan waƙa ta fita, sunan jagora ake kira. Irin wannan matsayi Melba Liston ta riƙe kusan duk rayuwarta, kuma da alama shi ya fi kwanta mata. Waɗanda suka yi aiki da ita sun shaida cewa ba ta son fitowa gaba ta yi busa ita kaɗai, sai an matsa mata, ko da yake idan ta fito, musamman a kan waƙa mai sanyi, muryar ƙahonta tana da kauri da taushi. A ra'ayina, wanda ya ɗora ta a ma'auni ɗaya da J.J. Johnson wajen saurin hannu bai yi wa kowannensu adalci ba. A wajen alƙalami ne ta shiga sahun da mutanen cikinsa ba su da yawa.

Faifai ɗaya tak ta yi da sunanta ita kaɗai, wanda aka ɗauka a Disambar 1958 mai suna Melba Liston and Her 'Bones, kuma ko a nan sai da ta tara wasu gwanayen turambon irin su Slide Hampton da Al Grey da Bennie Green ta raba fili da su. A ƙarshen 1959 ta bi ƙungiyar Quincy Jones zuwa Turai domin wani wasan dandali, wasan ya karye a birnin Faris na Faransa a farkon 1960, ƙungiyar ta yi watanni tana gararamba daga ƙasa zuwa ƙasa tana neman na abinci; mata biyu ne a cikinta, ita da mai fiyano Patti Bown. Ta yi busa a faifan Ray Charles, ta tsara wa Milt Jackson da Clark Terry kiɗa, ta kuma yi wa kamfanin faifai na Motown aiki. Ta faɗa da bakinta cewa akwai ayyukan da ta rubuta aka fitar da su da sunan wasu.

Batun Najeriya kuwa ta hannun Randy Weston ya zo. Shi mai fiyano ne ɗan Brooklyn, tsaranta ne domin shi ma a 1926 aka haife shi, kuma mahaifinsa mabiyin aƙidar Marcus Garvey ne, mai kiran baƙar fata su yi alfahari da asalinsu na Afirka, ya tashe shi a kan cewa shi ɗan Afirka ne da aka haifa a Amurka. Weston ya fara ganin ta tana busa a ƙungiyar Gillespie a New York, ya nemi ta tsara masa kiɗa, suka fara da wani faifai a 1958, kuma suka ci gaba da aiki tare har shekara arba'in. Masana jaz sukan kwatanta haɗinsu da na Duke Ellington da mai tsara masa kiɗa Billy Strayhorn, wanda babu yabon da ya fi shi a wannan fage.

Babban aikinsu shi ne Uhuru Afrika, wato 'yancin Afirka da harshen Suwahili, wanda aka ɗauka a Nuwambar 1960, shekarar da ƙasashen Afirka goma sha bakwai suka sami 'yancin kai, makonni kaɗan bayan an sauke tutar Ingila a Legas. Weston ya ƙirƙiri kiɗan kashi huɗu, marubuci Langston Hughes ya rubuta kalmomin, Melba Liston ta tsara shi ga makaɗa fiye da ashirin. Abin da ya bambanta shi da sauran faifan zamanin shi ne yawan masu ganga da aka tara, cikinsu har da ɗan Najeriya Babatunde Olatunji, da Candido Camero da Armando Peraza 'yan Kuba, da Max Roach. Haɗa ganguna masu yawa da ƙahoni masu yawa ba tare da wani ya danne wani ba aiki ne mai wuya, kai da ke situdiyo ka fi ni sanin haka, kuma dabararta ita ce ta sa ƙahonin su riƙa yin gajerun jimloli suna maimaitawa kamar 'yan amshi, ta bar ganga a matsayin jagora. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta haramta faifan a 1964.

Weston ya zo Legas a Disambar 1961 cikin wata tawagar baƙaƙen Amurka masu fasaha, tare da Langston Hughes da Nina Simone da Lionel Hampton, ya sake dawowa a 1963, ya saba da Bobby Benson, ɗaya daga cikin iyayen kiɗan hailaif a ƙasar nan, mai gidan rawa na Caban Bamboo. Abin da ya kwaso a waɗannan tafiye-tafiye shi ya zama faifan Highlife na 1963, wanda Melba Liston ta tsara, kuma a cikinsa akwai kiɗan Bobby Benson mai suna Niger Mambo da wani da aka raɗa wa sunan gidan rawar tasa. Idan kana son ka koyi wani abu da zai amfane ka a sana'arka, ka nemi waɗannan faifai biyu a intanet, ka saurare su sau uku: da farko ka bi ganga, na biyu ka bi ƙahoni masu kaurin murya, na uku ka lura da wuraren da ta bar kowa ya yi shiru.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, duk wannan aiki da ta yi, ta tara abin duniya kuwa? Tana raye har yanzu?
Daga wani ɗan kasuwa, Talata Mafara.

AMSA: Alhaji, ta rasu. Kuma sana'ar tsara kiɗa ba ta cika tara wa mai ita dukiya ba, domin galibi sau ɗaya ake biyan mai tsarawa ladan aikinsa, ribar faifai kuwa ta tafi ga kamfani da wanda ya ƙirƙiri waƙar da wanda sunansa ke jikin kwali. A farkon shekarun 1970 kasuwar manyan ƙungiyoyin jaz ta faɗi a Amurka, saboda matasa sun koma wasu kaɗe-kaɗe, kuma biyan mutum goma sha bakwai kowane dare ya fi ƙarfin masu gidajen wasa. A 1973 ta tafi Jamaika, ta zauna shekara shida tana koyarwa a makarantar koyon kiɗa ta ƙasar da ke Kingston, inda ta shugabanci sashen jaz da kiɗan zamani na baƙaƙen Amurka.

A 1979 masu shirya bikin jaz na mata a Kansas City, mahaifarta, suka lallashe ta ta dawo ta ɗauki ƙaho, daga nan ta kafa tata ƙungiya, wadda ta fara da mata zalla kafin daga baya ta haɗa da maza. Wannan ne karon da ta fi daɗewa tana jagora da sunanta, amma bai yi tsawo ba. A 1985 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta, ya raba ta da busa har abada, ya kuma zaunar da ita a keken marasa lafiya. A 1987 hukumar raya fasaha ta gwamnatin Amurka ta ba ta lambar gwanayen jaz, wadda ita ce mafi girma da ƙasar ke bai wa makaɗan wannan fanni.

Da hannu ya ƙi riƙe alƙalami yadda ya saba, sai ta koyi rubuta kiɗa da kwamfuta, Randy Weston kuma ya ci gaba da kawo mata aiki. Tana cikin wannan hali ta tsara masa The Spirits of Our Ancestors, wanda aka ɗauka a 1991, mai ɗauke da salon makaɗan Ginawa na Maroko, jikokin bayin da aka ƙetara Sahara da su daga ƙasashenmu na yammacin Afirka, kuma tsohon ubangidanta Dizzy Gillespie ya yi busa a ciki. Ta sake tsara wa Weston wasu faifai a 1993 da 1998. Ta rasu a Los Angeles ranar 23 ga Afrilu, 1999, tana da shekara 73, kuma takardun kiɗan da ta rubuta da hannunta an adana su a cibiyar nazarin kiɗan baƙar fata ta Kwalejin Columbia da ke Chicago.